Ɗauko Yaro Daga Gida Zuwa Amurka Ko Turai: Wace Ƙofa Ce Ta Rage A Buɗe?

A 2004 iyalai a Amurka sun ɗauko yara kusan 23,000 daga ƙasashen waje suka mai da su 'ya'yansu a gaban doka. A 2023 adadin ya tsaya a 1,275. Faransa ta karɓi yara 4,136 a 2005, a 2023 kuwa 176 kacal. Masu nema suna nan da yawansu, ƙofofin ne aka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Guwatemala ta rufe a 2008. Rasha ta haramta wa Amurkawa ɗaukar yaranta daga farkon 2013. Kenya ta dakatar a 2014, Habasha ta hana a Janairun 2018. Sin, wadda ta tura yara fiye da 160,000 waje tun 1992, ta sanar a Satumbar 2024 cewa ta daina, sai dai ga dangi na jini da agololi. Ƙasashen da ke karɓa ma sun fara ja da baya: Holan ta dakatar a 2021 bayan binciken da gwamnatinta ta sa aka yi, hukuma ɗaya tilo da ke wannan aiki a Denmak ta ajiye shi a Janairun 2024. A ɓangaren masu turawa kuma, a Maris 2025 hukumar bin diddigin gaskiya ta Koriya ta Kudu ta ce gwamnatocin ƙasar na da hannu a maguɗin takardun yaran da aka yi ta turawa ƙetare.

Dalilin kusan iri ɗaya ne a wurare da yawa: an yi ta gano cewa yaran da aka rubuta marayu suna da iyaye a raye. Mutanen Chadi sun ga wannan da idonsu. A Oktoban 2007 aka tsare ma'aikatan ƙungiyar Faransawa mai suna L'Arche de Zoé a Abeche suna shirin sa yara 103 a jirgi, da sunan marayun yaƙin Darfur. Da aka bincika sai ga shi mafi yawansu 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba ko duka biyun. An naɗa wa wasu bandeji don su yi kama da majinyata. Kotu a Njamena ta yanke wa Faransawa shida shekara takwas da aiki mai tsanani, kafin Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a Maris 2008. Irin wannan ne ya sa jami'in biza a yau yake kallon kowace takardar maraici da ido biyu.

Abin da ya kawo mu ciki shi ne, Bahaushen da ke zaune a Houston ko Manchester ko Lyon, ƙaninsa ya rasu a Funtuwa ya bar yara, ko ma'auratan da Allah bai ba su haihuwa ba suna son ɗauko jariri daga gida, duk doka ɗaya ce ta hau kansu da baƙon Bature da bai taɓa taka Afirka ba. Zumunci bai sauƙaƙa takarda ko ɗaya ba. Wani lokaci ma shi ke ƙara jawo tambayoyi.

Riƙo daban, tabanni daban

A gida ba mu san wahalar wannan ba. Gwaggo ta ɗauki 'yar ƙaninta tun daga yaye, ta raine ta, ta aurar da ita, ba takarda ba kotu, kuma kowa ya san ubanta. Wannan shi ne riƙo, kuma shi ne abin da malamai ke kira kafala idan hukuma ta shigo ta tabbatar da shi. Abin da dokokin Amurka da Ingila suka sani kuwa shi ne tabanni: alƙali ya yanke alaƙar yaro da iyayen da suka haife shi, a fitar masa da sabuwar takardar haihuwa da sunan sababbin iyaye, ya gaje su kamar ɗan cikinsu. Aya ta 4 da ta 5 a Suratul Ahzab sun hana jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kuma a kan haka Zaidu ya koma ana kiransa ɗan Harisa. To ga tsaka mai wuya: ofishin shige da fice ba ya ba da bizar ɗa a kan riƙon gargajiya, shi kuma Musulmi ba ya son tabannin da ke shafe nasaba. Duk hanyoyin da ke ƙasa sun bambanta ne a kan yadda kowacce ke warware wannan ƙulli, da kuɗinta, da tsawon jiranta.

Daga Najeriya zuwa Amurka

Najeriya ba ta cikin Yarjejeniyar Hague ta 1993 kan tabanni tsakanin ƙasashe, don haka tsohuwar hanyar marayu ake bi. Sharaɗin farko da ke kayar da mutane da yawa: sai ɗan ƙasar Amurka ne zai shigar da buƙata. Mai katin zama na dindindin ba ya iyawa ta nan. Ɗan ƙasar kuma in ba shi da aure, sai ya kai shekara 25. Yaron kuma dole a shigar da takardarsa kafin ya cika 16, ko 18 idan ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya riga ya bi ta hanyar a gida ɗaya.

Jerin aikin shi ne: a nemi hukumar tabanni mai lasisin gwamnatin Amurka ta tsaya a matsayin jagorar fayil, wanda ya zama dole tun Yulin 2014 ko da yaron ɗan ƙaninka ne. Ma'aikacin jin daɗin jama'a ya zo ya binciki gida, kuɗin shiga, lafiya da tarihin laifi na duk baligin da ke kwana a gidan, kuma rahotonsa kada ya haura wata shida a ranar da aka miƙa shi. A cike fom I-600A na neman a amince da cancantar mai ɗauka, kuɗinsa dala 920 tun Afrilun 2024. Sannan a je kotun jiha a Najeriya a samo hukunci, a shigar da fom I-600 na neman a amince cewa yaron maraya ne, ofishin jakadanci a Legas ya yi nasa binciken da ake kira I-604, wanda kan ɗauki watanni, har a tura mutum unguwar ya yi tambaya. In an tsallake, yaro ya sami bizar zama ta yaran da aka ɗauko, wato IR-3 ko IR-4. Jimillar kuɗi, da na hukuma da lauya da tikitin zuwa da dawowa, ba kasafai take yin ƙasa da dala 30,000 ba.

A nan ya kamata a daɗe, domin kalmar maraya a bakinmu ba ita ce maraya a dokar Amurka ba. Mu da uba ya rasu, yaro ya zama maraya. Su kuwa sai iyaye biyu sun rasu, ko sun ɓace, ko sun yasar da shi, ko kuma wanda ya rage a raye ya kasa ɗaukar nauyinsa kuma ya sa hannu ya sallama shi har abada. Wannan kasawar da awon ƙasar yaron ake auna ta. Uwa mai sayar da ƙosai a ƙofar gida, tana ciyar da 'ya'yanta tana tura su makarantar gwamnati kamar sauran maƙwabta, ba ta kasa ba a idon jami'in, komai nisan rayuwarta da ta Texas. In kuma ta gama takaba ta yi wani aure, sau da yawa ana ɗaukar yaron ya sami uba na biyu, ya fita daga sahun marayu. Iyaye biyu masu rai da suka ce sun bar wa yayansu ɗa don ya yi karatu kuwa, doka ta faɗa ƙarara cewa miƙa yaro ga wani takamaiman mutum ba yasarwa ba ce. Wannan fayil ya mutu tun kafin a buɗe shi.

A ɗauki misali. Yarinya 'yar shekara tara, ubanta ya rasu a 2019, baffanta na Amurka ya kashe kuɗi ya samo hukuncin kotu. Ranar ganawa jami'i ya buɗe fayil. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa an fitar da ita bara, shekara takwas bayan haihuwa. Takardar mutuwar uban ita ma bara, mako guda tsakaninsu. Takardar makaranta ta rubuta shekarar haihuwa daban. Ya dubi yarinyar ta bakin tafinta ya ce, wa ya yi miki kitso? Ta ce, Umma. Ina Umma take? Tana gida, ita da Kawu, mijinta. Babu wanda ya yi ƙarya a nan, amma fayil ya faɗi, kuma kotun Najeriya ta riga ta mai da yarinyar 'yar mutumin da ba zai iya kai ta gidansa ba. Maganin wannan tun farko ne: a tattara tsofaffin shaidu da aka rubuta a lokacin da abin ya faru, katin asibiti, katin rigakafi, rajistar makaranta, takardar rabon gado daga kotun shari'a, a kai wa lauyan shige da fice ya faɗi ko yaron ya shiga ma'anar maraya kafin a taka kotu.

Ɓangaren Najeriya ma ba wasa ba ne. Tabanni hurumin jiha ne. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohi suka kwafa da gyare-gyarensu, ta ce mai nema ya kai shekara 25 kuma ya girmi yaron da 21, ya zama ɗan Najeriya, ya yi shekara biyar a jihar, ya sanar da jami'in jin daɗin jama'a wata 12 kafin hukunci, yaron kuma ya zauna a hannunsa wata uku a jere. Wanda ya zo hutun mako uku ya koma da hukunci a jaka, jami'in biza ya san waɗannan sharuɗɗa sarai, kuma zai tambayi yadda aka yi. Jihohin Arewa sun makara wajen yin tasu dokar, Kano sai a 2023, kuma sun daidaita ta da shari'ar Musulunci, don haka a karanta dokar jihar da yaron yake, kada a dogara da ta tarayya.

Sai kuma takunkumin shiga Amurka. Na Yunin 2025 ya haɗa da Chadi da Sudan. Na Disambar 2025 ya sa Nijar cikin cikakken hani, ya sa Najeriya cikin wanda ya shafi bizar zama da ta karatu da ta ziyara. Kafin a biya ko sisi, hukumar da za ta riƙe fayil ta rubuto a takarda yadda bizar yaron za ta fita a ƙarƙashin dokar da ke aiki a ranar.

Ingila ta fi tsauri

Tun 12 ga Maris 2021 Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta taƙaita ɗauko yara daga cikinsu, tare da Habasha, Kambodiya, Guwatemala, Nepal da Haiti. Dalilan da ta bayar su ne takardun da ba a iya dogara da su, wahalar tabbatar da asalin yaro, cin hanci, da safarar jarirai. Ana iya roƙon a keɓe wani fayil daga hanin, ta Ma'aikatar Ilimi, amma sai an nuna yanayi na musamman game da wannan yaron da kansa. Ƙari a kan haka, hukuncin tabanni na kotun Najeriya da aka yanke daga Janairun 2014 ba ya aiki kai tsaye a Ingila. Mazaunin Birtaniya da ya je ya yi tabanni a waje, ya shigo da yaron cikin wata 12 ba tare da an tantance shi an ba shi takardar cancanta tun farko ba, laifi ya aikata mai iya kai shi gidan yari. Mutane da dama ba su san wannan ba sai a filin jirgi.

Akwai wata 'yar ƙofa ga ɗan dangi, inda ake ba yaro izinin zuwa wurin ɗan'uwa mazaunin ƙasar idan akwai dalili mai tsanani da ya sa barinsa a can bai dace ba. Tana buɗewa ga yaron da ba shi da kowa. Ga wanda kakarsa da gwaggonninsa ke kewaye da shi, da wuya.

Ƙasashen Hague: Gana da Nijar

Gana ta shiga yarjejeniyar daga 1 ga Janairun 2017, Benin a 2018, Nijar a 2021, kafin su akwai Burkina Faso, Mali da Togo. Ga Bahaushen zango a Kumasi ko Accra da ke zaune waje, wannan na nufin hukumar tabanni ta ƙasa ce ke riƙe da komai. Amfanin tsarin shi ne ana tantance yaro kafin a je kotu, don haka irin faɗuwar da muka gani a sama ba ta cika faruwa ba. A Amurka ana fara da fom I-800A na tantance mai nema, wanda amincewarsa ke aiki wata 15, da horon awa 10. Hukumar ƙasar yaron ta rubuto rahoto a kansa, a shigar da fom I-800 na yaron, ofishin jakadanci ya fitar da wasiƙar da ake kira ta Sashe na 5 yana cewa yaron zai iya shiga, sannan a je kotu. Wanda ya yi gaggawa ya samo hukunci kafin wannan wasiƙa ya ɓata rawarsa da tsalle, domin sau da yawa sai an koma kotu an warware hukuncin an faro daga tushe.

Illarsa jira ne, da kuma ƙa'idar cewa sai an nemi mai riƙo a cikin dangi da cikin ƙasa an rasa kafin a duba waje. Shi ya sa masu mafarkin jariri ɗan wata uku su sauke wannan buri. Yaran da ke fita ta wannan hanya a yau galibi sun tasa, ko 'yan'uwa ne biyu ko uku da ba a son raba su, ko masu wata larurar lafiya. Indiya da Kolombiya, waɗanda suka fi tura yara Amurka a 'yan shekarun nan, haka abin yake a can ma.

Kafalar Maroko

Ga Musulmin da ba shi da wani yaro na dangi a zuciya, wannan ce hanyar da ta fi kusa da fiƙihu. Dokar Maroko mai lamba 15-01 ta 2002 ta ba ma'aurata Musulmi, ko mace Musulma ita kaɗai, damar karɓar kafalar yaron da kotu ta tabbatar an yasar. A 2012 ma'aikatar shari'a ta fitar da umarnin da ya tsaurara wa waɗanda ba mazauna ƙasar ba, don haka abin ya danganta da kotun garin da aka je, kuma sai alƙali ya ba da izinin fita da yaron. Amurka na karɓar irin wannan da bizar IR-4, da sharaɗin a kammala tabanni a kotun jiha bayan an iso. Faransa kuwa akasin haka take: dokarta ta hana tabannin yaron da dokar ƙasarsa ta haramta tabanni, sai dai ya zauna a matsayin ɗan kafala, kuma bayan shekara uku a hannun ɗan ƙasa yana iya neman zama Bafaranshe. Kanada ta daina karɓar yara daga Pakistan tun 2013 a kan wannan saɓani na kafala da tabanni.

Wanda dole ta sa shi yin tabanni a takarda don yaro ya sami zama ɗan ƙasa, malamai da dama a ƙasashen Yamma sun ba da mafita mai sharaɗi uku: a bar wa yaro sunan ubansa in an san shi, a gaya masa asalinsa tun yana ƙarami, a kuma rubuta wasiyya. Ta ukun ce aka fi sakaci da ita. In mutum ya mutu a Amurka ko Ingila ba wasiyya, doka za ta raba dukiyarsa ta ba ɗan tabanni kaso daidai da na ɗan ciki. A shari'a ba ya gado, amma ana iya yi masa wasiyya har zuwa sulusi, ko a yi masa kyauta tun ana raye.

Batun muharramaka kuma a yi lissafinsa tun kafin a zaɓi yaro. Shayarwa a cikin shekara biyun farko tana sa yaro ya zama ɗan gida. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikinsa ya wadatar, Shafi'iyya sun ce sai sau biyar. Idan matar gida ba ta shayarwa, 'yar'uwarta na iya shayar da namiji, 'yar'uwar miji ta shayar da mace. Sai dai fayil ɗin ƙetare kan ci shekara biyu zuwa huɗu, yaro ya wuce yaye kafin ya iso. A cikin dangi abin ya fi sauƙi: 'yar ɗan'uwan miji muharramarsa ce, ɗan 'yar'uwar mata muharraminta ne.

Komawa gida a zauna da yaron

Wannan hanya ba a cika maganarta ba, alhali ita ce ta fi dacewa da ɗan dangin da bai shiga ma'anar maraya ba. A dokar Amurka, in an yi cikakken tabanni kafin yaro ya cika 16, ya kasance a hannunka bisa hukuncin kotu na shekara biyu, kuka kuma zauna ƙarƙashin rufi ɗaya shekara biyu, za ka iya nema masa biza da fom I-130 kamar kowane ɗa. Ba a tambayar ko maraya ne, kuma mai katin zama ma yana iyawa, sai dai doguwar tafiya na iya jefa katin nasa cikin haɗari. Ana iya tara shekara biyun a guntu-guntu, amma ziyarar hutu ba ta shiga lissafi. Inda ake faɗuwa shi ne gidan gandu: in uwar yaron na sashe ɗaya kai kana ɗaya a gida guda, jami'i zai ce ita ke riƙon ɗanta har yanzu. Sai an nuna takardar haya ko ta mallakar gida da sunanka, rasit ɗin makaranta da na asibiti da sa hannunka.

Birtaniya na da makamancin haka: iyayen riƙo su zauna a waje aƙalla wata 18, 12 na ƙarshe tare da yaron, a kuma nuna cewa nauyinsa ya dawo kansu da gaske. Kuɗin takarda a nan kaɗan ne. Abin da ake biya shi ne aiki da albashin shekara biyu, shi ya sa ta fi yi wa mai aiki ta intanet, ko gidan da ɗaya zai iya dawowa, in dokar ƙasar ta yarda da zaman mutum ɗaya.

Riƙo a inda kake zaune

Ma'auratan da burinsu shi ne su ga yaro na wasa a tsakar gida, ba lallai wani takamaiman yaro ba, su dubi ƙofar gidansu kafin su dubi filin jirgi. Yara fiye da 80,000 ne ke hannun hukuma a Ingila, a Amurka sun haura 300,000, cikinsu da 'ya'yan Musulmi da na baƙaƙen fata da ake rasa gidan da ya dace da su. Ba a biyan dubban daloli, hasali ma hukuma ce ke ba mai riƙo alawus. Tantance mai neman tabanni a Ingila mataki biyu ne, wata biyu da wata huɗu. Kuma akwai wani hukunci da ya fara aiki a ƙarshen 2005, na waliyyi na musamman, wanda ke ba mai riƙo ikon yanke shawara kan yaro har ya kai 18 ba tare da an yanke nasabarsa ba. Tun da aka tsara shi an ambaci al'ummomin da addininsu bai yarda da tabanni ba. A ganina babu abin da ya fi shi kama da kafala a dokokin Turai. Ɗacinsa shi ne yaron riƙon wucin gadi ana iya mai da shi wurin iyayensa bayan an shaƙu, kuma da yawansu sun ga tashin hankali tun suna ƙanana, sai da haƙuri da horo.

Barin yaro a gida, a ɗauki nauyinsa

Ga yaron da uwarsa ke raye kuma tana son abinta, wannan ce ta fi, ko da baffa na da kuɗin lauya. Dala 30,000 da za a zuba a fayil mai iya faɗuwa za ta yi nisa ƙwarai a karatun yaro a Kano ko Maradi. Amma a yi shi da tsari, don kuɗin maraya da ke bi ta hannu uku ba ya isa da nauyinsa. A biya makaranta kai tsaye ta asusunta, a karɓi sakamakon kowane zango. A ayyana waliyyi ɗaya a gaban alƙali, a rubuta kason gadon yaron da inda aka ajiye shi. A yi masa takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa da fasfo tun yanzu, da sunan ubansa na gaskiya da ranar haihuwa guda a ko'ina, domin ranar da zai nemi jami'a a waje waɗannan za su yi masa magana. Mai tunanin kawo shi karatu tun yana ƙarami ya sani bizar ɗalibi ta Amurka ba ta ba da damar firamaren gwamnati, sakandaren gwamnati kuma wata 12 ne kawai kuma sai an biya cikakken kuɗi. Ta Birtaniya ta yara 'yan 4 zuwa 17 makarantun kuɗi kaɗai ta shafa.

Saura gajeriyar hanya, wadda wani a dangi zai kawo shawararta ko ba jima ko ba daɗe: Yaya, ka rubuta shi cikin 'ya'yanka kawai, wa zai sani? Ofisoshin jakadanci na neman gwajin ƙwayoyin halitta da zarar sun yi shakka, kuma gwajin na bambance uba da baffa. Sakamakon ƙarya a fayil ɗin Amurka hani ne na har abada ga wanda ya yi ta, kuma tana iya taɓa takardar zama ɗan ƙasa da aka riga aka samu. Mai sayen jariri daga gidajen da ake tara 'yan mata suna haihuwa, waɗanda NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ke kai wa samame a kudancin Najeriya, ya shiga safarar mutane ko da niyyarsa ta alheri ce. A 2014 shari'ar jariran da aka ce an sayo daga Najeriya ta Benin ta girgiza Yamai, ta haɗa da mutum kusan 30, cikinsu da manyan gari da matansu. Duk wanda ya ce zai kawo jariri cikin mako biyu, da takardar haihuwa ɗauke da sunanka, a kan wani kuɗi da ba rasit, a nemi sunan ma'aikatar jihar da ta ba shi izini da lambar fayil ɗin kotu, a je can da ƙafa a gani.